Zagayen Gona a Lokacin Kaka

Da zarar ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, shamuwa ta kama hanyar kudancin Afirka, gawo kuma ya soma tofo, to kaka ta kama. Hankalin manomi yakan koma kan girbi, amma zagayen gona da sassafe kafin a yanke dawa yana nuna masa matsalolin da ke jiransa a damina mai zuwa.

Ƙuduji

Abu na farko da za a duba shi ne ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Ana gane shi da furensa mai ruwan shunayya a gindin dawa, gero da masara. Tsiro ɗaya yakan zubar da dubban iri masu ƙanƙanta kamar ƙura, kuma irin yakan yi fiye da shekara 10 a ƙasa bai mutu ba. A tuge shi kafin ya yi iri, a fitar da shi daga gona a ƙone. Yawansa alama ce ta gajiyar ƙasa. Saboda haka a lura da wurin, a zuba taki, baɗi a shuka waken soya ko gyaɗa. Saiwarsu tana sa irin ƙuduji ya tsiro, ya rasa abin kamawa, ya mutu.

Kara da kwanson wake

A tsaga karan dawa kaɗan daga sassan gona daban-daban. Idan an ga rami da tsutsa a ciki, tsutsar kara ce, kuma a nan take kwana har rani ya wuce. Kada a bar irin wannan kara a tsaye, a ba dabbobi ko a yi makamashi da shi kafin ruwan farko. Kwanson wake mai huji da saƙa kamar ta gizo-gizo aikin tsutsar Maruka ne. Irin wake SAMPEA 20-T, wanda aka fitar a 2019, yana jure mata.

Tsuntsaye

Garken jan-baki da ke sauka a fadama da magariba barazana ne ga dawa da shinkafa. A sanar da malamin gona ba tare da jinkiri ba. Amma balbela fara take ci, mujiya kuma ɓeraye. Waɗannan mataimakan manomi ne, bai kamata a kashe su ba.

Ana shawartar malaman gona su yi wannan zagaye tare da manoma, su rubuta abin da aka gani a kowace gona. Da wannan rubutu za a zaɓi iri, a kuma tsara shukar baɗi.