Kanar Talbot: Baturen Da Ya Yi Mulkin Gonaki Da Fensir

A ranar 21 ga watan Mayu na shekarar 1803 wani tsohon hafsan soja ya sauka daga kwalekwale a gaɓar arewa ta tafkin Erie, cikin ƙasar da a yau ake kira lardin Ontario na Kanada, ya ɗauki gatari ya sare itace guda. A nan ya kafa wurin da ya raɗa wa suna Port Talbot. Sunan wannan mutum Kanar Thomas Talbot, mutumin Ailan, kuma kusan shekara hamsin ya yi yana zaune a wannan daji.

Ba talauci ne ya kore shi daga gida ba. An haife shi a shekarar 1771 a babban gidan kakanninsa na Malahide, kusa da birnin Dublin, gidan da ya gaji arziki da sarauta. Tun yana ɗan shekara 11 aka sama masa muƙamin hafsa a sojan Ingila, kamar yadda ake yi wa 'ya'yan manya a wancan zamani. Ya fara ganin Kanada ne yana saurayi, inda ya zama sakataren Gwamna John Graves Simcoe har zuwa 1794, ya kuwa zaga dazuzzukan yammacin lardin tare da shi. A 1800 ya sayar da muƙaminsa na soja, ya juya wa Turai baya, abin da ya ba abokansa mamaki ƙwarai.

Ƙasar da ya sauka a kai tana da masu ita tun asali. A 1790 ne gwamnatin Ingila ta karɓe ta daga hannun ƙabilun Ojibwe da Odawa da Potawatomi da Wyandot, a kan kayan da kuɗinsu bai wuce fam 1,200 ba. Daga cikinta aka yanka wa Talbot eka 5,000, tare da wani sharaɗi mai maiƙo: duk iyalin da ya zaunar a kan eka 50, shi za a ba shi eka 200. Da fari da kansa yake tatsar shanunsa, ya gasa burodinsa, ya kuma gina injin niƙa domin manoman da suka biyo shi. Mahara daga Amurka suka ƙone injin a 1814, lokacin yaƙin da aka yi tsakanin ƙasashen biyu.

Abin da ya fi fito da sunansa shi ne yadda yake rabon gona. Mai neman fili ba ya shiga ɗakin Kanar. A waje yake tsayawa, bakin wata 'yar taga, Kanar ya leƙo ya yi masa tambayoyi. In ya kwanta masa a rai, sai ya jawo taswira ya rubuta sunansa da fensir a kan filin da ya ga dama. In bai kwanta masa ba, sai ya rufe taga, magana ta ƙare. Wanda aka rubuta sunansa wajibi ne ya gina gida, ya sheme wani yanki na gonar, ya kuma share rabin hanyar da ta bi ta ƙofarsa. Sai ya cika waɗannan ne za a ba shi shaidar da zai kai wa gwamnati ya karɓi takardar mallaka. Wanda ya yi lalaci kuwa, Kanar ya sa roba ya goge sunansa, ya rubuta na wani a gurbin.

Gaskiya dai wannan tsari ya yi aiki. A wasu sassan lardin, manyan ma'aikata da 'yan kasuwa sun mallaki filaye sun bar su daji suna jiran su yi tsada, hanyoyi suka zama taɓo. A yankin Talbot babu wannan. Hanyar da ake kira da sunansa, wadda ta kusa mil 300, ita ce mafi kyau a lardin a zamaninta, kuma manoma ne suka share ta da gatarinsu. Kafin ƙarshen shekarun 1830 ikonsa ya game gundumomi 29 masu ɗauke da dubban iyalai.

Amma fa manomin da ya shekara goma yana zuba gumi, alhali shaidarsa duka ita ce zanen fensir a taswirar da ke ɗakin mutum guda, ba ya barci da ido biyu a rufe. Ofishin filaye na gwamnati kansa bai san wanda ke zaune a wane fili ba. Mutanen Sikotlan da suka sauka a Dunwich da Aldborough sun fi kowa ɗacin rai, domin suna ganin an ba su eka 50 Kanar ya riƙe sauran, har abin da ya tara ya haura eka 60,000. Ga shi da zafin rai, ga shan barasa, har masu neman fili suka koyi zuwa masa da safe. Da masu neman sauyin mulki suka yi ƙarfi, sai ya tara jama'a a garin St. Thomas a watan Afrilu na 1832 ya yi musu kaca-kaca. Ƙorafi ya ci gaba da kwarara, a 1838 gwamnati ta karɓe rabon filayen daga hannunsa.

Bai taɓa aure ba. Ya kira ɗan 'yar'uwarsa, Kanar Richard Airey, don ya gaje shi, amma zaman bai yi daɗi ba. Airey ya sami wani kaso na ƙasar ya koma Ingila, sauran dukiyar ta faɗa hannun George Macbeth, wanda ya daɗe yana yi masa hidima. A gidan Macbeth ɗin, a garin London na Kanada, ya rasu cikin watan Fabrairu na 1853, yana da shekara 81. Port Talbot da ya kafa da hannunsa bai taɓa zama gari ba. St. Thomas, wanda manoma suka sa wa sunansa, shi ne ya bunƙasa ya zama birni.