Ma'aikatar Ƙididdiga ta Ƙasa

Maigida ya san yawan iyalinsa. In kaka ta yi, yana duba damman hatsin da ya samu, ya lissafta bakunan da zai ciyar, sannan ya san ko cimaka za ta kai su damana. Ƙasa ma gida ce babba, amma mutanenta sun fi ƙarfin a riƙe su a ka. Don haka gwamnati take da ma'aikata guda wadda aikinta ke nan: ƙidaya da lissafi. Sunanta Ma'aikatar Ƙididdiga ta Ƙasa. Da faransanci ana ce mata INS a taƙaice. Cibiyarta tana Yamai, tana kuma da reshe a kowace jaha.

A zamanin Nasara ma ana ƙidayar mutane. Kwamanda ko wakilinsa yakan zo gari, ya sa maigari ya tara jama'a, a rubuta sunayen magidanta da iyalansu. Amma manufar ita ce karɓar haraji, wato lanho, da jangali, da ɗibar mutane zuwa soja ko aikin tilas. Saboda haka mutane suka riƙa ɓoye ƴaƴansu da dabbobinsu. Lissafin da aka samu ta wannan hanya bai cika daidai ba.

Nijar ta samu mulkin kai ran 3 ga watan Agusta 1960. Sabuwar gwamnati tana son gina makarantu da gidajen likita da rijiyoyi, ga shi kuwa ba ta da cikakken lissafin jama'arta. Har lokacin babban fari na 1973 da 1974 ba a taɓa ƙidaya ƴan ƙasa gaba ɗaya ba. Rabon taimakon abinci yana da wuya in ba a san yawan mabukata ba.

A 1977, zamanin Seyni Kunce, aka yi ƙidayar jama'a ta farko a duk faɗin ƙasa. Aka samu mutum miliyan 5 da dubu 100 da ƴan kai. Ta biyu, a 1988, ta ba da miliyan 7 da dubu 250. A 2001 aka samu miliyan 11, a 2012 kuma miliyan 17 da dubu 138. Cikin shekara 35 jama'a ta ninka fiye da sau uku ke nan. Ƙidayar 2012 ta nuna jahohin Damagaram da Maraɗi da Tawa kowace ta haura mutum miliyan 3, kuma wajen rabin ƴan ƙasa yara ne da ba su kai shekara 15 ba.

Da can wani sashe ne na ofishin minista yake riƙe da aikin ƙididdiga. A watan Maris 2004 aka kafa doka wadda ta mai da shi ma'aikata mai zaman kanta, ita ce INS.

In lokacin ƙidaya ya yi, ana horar da ma'aikata dubbai. Kowane ana ba shi taswirar yankinsa. Yana shiga gida gida, yana tambaya: mutum nawa ke kwana a nan? Maza nawa, mata nawa? Shekarunsu nawa? Wa ke zuwa makaranta? Wace sana'a ake yi? Makiyaya kuma ana bin su har mashekari da bakin rijiya.

Ƙidayar kowa da kowa tana cin kuɗi da yawa, shi ya sa ba a yin ta kowace shekara. A tsakani, ma'aikatar tana zaɓen wasu gidaje daga kowace jaha, birni da ƙauye, ta yi musu tambayoyi a kan lafiya ko abinci ko aiki. Mai sayen hatsi ba ya zazzage buhu duka. Yana ɗibar kaɗan daga sama da tsakiya da ƙasa, ya gane abin da ke ciki. Haka wannan bincike yake. Kowane wata kuma ma'aikatanta suna shiga kasuwa, suna rubuta kuɗin hatsi da shinkafa da mai da sabulu, don a san ko rayuwa tana ƙara tsada.

Doka ta hana ma'aikatar ta bayyana abin da mutum ya faɗa mata. Ba ta ba mai karɓar haraji sunan kowa. Jimilla kaɗai take bugawa.

Duk da haka, wasu har yanzu suna tsoron ƙidaya. A ce wani gari yana da yara 200 da suka isa shiga makaranta, iyaye suka faɗi 100. Gwamnati za ta yi shirin aji da malamai da allurar rigakafi na yara 100. Sauran su rasa wurin zama. Wanda ya ɓoye ɗansa ran ƙidaya, garinsu ya cuta.

Tambayoyi

1. Don mi mutane suke ɓoye iyalinsu a zamanin Nasara?
2. A wace shekara aka kafa INS?
3. Shekara nawa ke tsakanin ƙidaya ta farko da ta biyu?
4. A ƙidaya ƴan aji, maza da mata, a rubuta jimilla bisa allo.