Noman Inabi A Ƙasar Ɗambatta

Duk wanda ya shiga kasuwar 'Yan Lemo ta Kano ya ga inabi cikin 'yan kwalaye, galibi daga Afirka ta Kudu ko Masar aka kawo shi, da tsada kuwa. Amma itacen nan ba ya ƙin ƙasarmu. Manoman Kudan da Hunkuyi, can wajen Zariya, sun daɗe suna nomansa, har garuruwan suka yi suna a kansa. To, mutanen Ɗambatta fa, inda gonaki suka matsu, gado ya rarraba su ƙanana ƙanana? Abin da ya dace da ƙaramin fili shi ne amfani mai daraja, ga kuma ruwan madatsar Tomas kusa.

Asalin inabi daga ƙasashen da ke tsakanin Turkiyya da Farisa ne, an fi shekara 6,000 ana shuka shi. A Faransa da Italiya yawancinsa giya a ke yi da shi. Wannan ba cinikinmu ba ne. Namu na ci ne ɗanye, ko a shanya shi ya zama zabibi.

A ƙasashen Turai sanyi ne ke sa itacen ya zub da ganye ya huta, bazara ta yi ya farka ya yi fure. Nan ba mu da irin wannan sanyi, don haka manomi shi ne zai tilasta masa da wuƙa. Sau biyu a ke datse rassa a shekara, kamar yadda manoman Nashik ta ƙasar Indiya su ke yi. Na fari bayan an gama tsinka, wajen watan Afrilu, don ya fid da sababbin rassa. Na biyu da ɗaukewar damina, wajen Oktoba, wannan shi ke kawo 'ya'ya. Daga nan kamar wata huɗu sai nonon ya nuna, cikin rani sosai, babu ruwan sama da zai ɓata shi.

Dalilin wannan lissafi kuwa damina ce, don ita ce babbar abokiyar gaba. Laima na kawo wata fumfuna fara a ƙarƙashin ganye, ta ƙone shi. Cutar nan daga Amurka ta shiga Faransa a 1878, ta yi ɓarna ƙwarai, sai a 1885 wani masani, Millardet, ya bayyana maganin feshi na jan ƙarfe da farar ƙasa. Har yau ana amfani da irinsa. Wanda ya yi sakacin feshi a watan Agusta, ganye ya tafi, kada ya sa rai da amfanin kirki da rani.

Sa'an nan akwai maganar jari. Reshe a ke yanka a dasa, a zuba taki mai yawa a rami, a kafa masa rumfa ta waya sama da tsayin mutum. Dirkar itace gara za ta ci, ta ƙarfe ko ta siminti kuwa kuɗi ce. Ba kuma a samun abin sayarwa sai shekara ta biyu ko ta uku. Mai eka ɗaya tak, wanda gero da dawarsa ke ciyad da gida, bai kamata ya juye ta duka ba. Ya fara da layi biyu a gefen lambu, ya nemi shawarar malaman Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke nan Ɗambatta kafin ya sayi iri.

'Yan kasuwa kuma su lura: inabi ba kamar mangwaro ko ayaba ba ne, in an tsinke shi da tsami ba ya ƙara zaƙi a kwando. Sai a ɗanɗana na ƙasan nono tukuna, a tsinka da sassafe, a rufa masa inuwa har ya isa Kano.