Hoton dare da wayar salula: me ya sa fuska ke ɓacewa cikin duhu?

A ƙauyuka irin su Mai Yara, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, da yawa daga abubuwan da mutane ke son ɗauka a hoto bayan faɗuwar rana suke faruwa: kai amarya, wasan ƴan mata a dandali, shan ruwa a watan azumi. Ana ɗauka ne don a tura wa ɗan uwa da ke ci-rani a Libiya, Aljeriya ko Kano ta WhatsApp. Sau tari abin da ke isa gare shi farar riga ce da haƙora, fuskar kuwa sai dai ya yi hasashe. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da wutar lantarki, akasarinsu kuma a birane, wannan matsala ce ta yau da kullum, kuma tana sa matasa zuba kuɗin amfanin gona a kan sabuwar waya da tunanin yawan megafiksel ne maganinta.

Megafiksel adadi ne na ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto, bai nuna yawan hasken da kyamara ke iya kamawa ba. A bayan gilashin kyamara akwai wani ɗan faranti da bai kai faɗin farce ba a yawancin wayoyi, ana ce masa sansa, shi ne ke karɓar haske. Kamar ƙorai ne da aka jera a tsakar gida ana tarar ruwan sama: ko an cika wurin da ƙananan ludaya dubu, ruwan da za a samu ba zai wuce abin da faɗin tsakar gidan ya tara ba. Shi ya sa wayoyin da aka rubuta wa megafiksel 48 ko 50 suke haɗe ɗigogi huɗu su zama ɗaya, su fitar da hoto mai megafiksel 12 ko kusa da haka. Faɗin sansar ne ke da tasiri, tare da faɗin ƙofar da haske ke shiga, wadda ake rubutawa da harafin f. A nan ƙaramar lamba ita ce babba: f/1.8 na shigar da haske kusan ninki biyu na f/2.4.

Idan haske ya yi ƙaranci, hanyoyi biyu ne gaban waya. Ko ta bar ƙofar a buɗe na ɗan lokaci mai tsawo, wanda ke sa hoton ya yi dishi-dishi da zarar hannu ya girgiza ko yaro ya juya kai, ko kuma ta ƙara wa ɗan hasken da ta samu ƙarfi, sai hoton ya fito da tsaki-tsaki. Don ɓoye tsakin, manhajar wayar kan shafe fuska har ta koma kamar an yaɓe ta da laka, zanen fuska da gashin gira su ɓace.

Ga mai baƙar fata kuma akwai ƙarin wahala. Kyamara na auna hasken duk abin da ke gabanta ne ta ɗauki matsakaici. Idan mutum ya sa farar shadda, ko akwai fitila a bayansa, sai ta rage haske don kada farin ya ƙone, fuskar ta nutse. Abin ya samo asali tun zamanin fim. Daga shekarun 1950, masu wanke hoto na daidaita injinansu da wani kati na kamfanin Kodak na Amurka da ake kira Shirley, mai ɗauke da hoton Baturiya. Binciken Lorna Roth ta jami'ar Concordia a Kanada ya nuna cewa ƙorafin masu sayar da kayan katako da cakulan, waɗanda launin hajarsu ba ya fitowa daidai a hoto, na cikin abin da ya sa aka gyara fim ɗin.

Kamfanin Transsion na Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno, Itel da Infinix, waɗanda suka cika shagunan waya na Maraɗi, ya yi kasuwa da wannan giɓi. Ya ce ya nazarci ɗimbin hotunan ƴan Afirka don kyamararsa ta riƙa gane baƙar fuska tana ba ta hasken da ya dace. Google ma ya fito da Real Tone a wayar Pixel 6 a 2021. Gyaran launi dai ba ya ƙirƙiro hasken da babu shi, kuma a ƙananan wayoyi yakan zarce ya mai da mutum kamar mai shafa man bilicin.

Babban ci gaban da aka samu shi ne tsarin hoton dare, wanda a wayar da aka saita da Faransanci ake ganinsa da sunan "Nuit". Huawei P20 Pro da Pixel 3 ne suka yaɗa shi a 2018, iPhone 11 ta biyo baya a 2019, yanzu kuma ya sauko har wayoyi masu matsakaicin kuɗi. Wayar na ɗaukar hotuna da dama cikin ƴan daƙiƙu ta haɗe su wuri guda. Ga bango ko rumbu yana aiki sosai. Ga mutane kuwa sai sun tsaya cik, don haka ba ya amfani a filin rawa.

Abin da ya fi sauya hoto ba ya buƙatar sabuwar waya. Fitilar sola ko tocila, a riƙe ta gaban wanda za a ɗauka, ɗan gefe kuma sama da ido kaɗan, ta isa ta fito da fuska. Nisa na da muhimmanci ƙwarai: in aka ninka tazarar da ke tsakanin fitila da mutum, rubu'in hasken ne kawai ke isa gare shi. Idan hasken ya yi kaifi, a haska bango mai haske ko farin zane ya dawo kan fuskar. Kafin a danna, a taɓa fuskar a kan allo don wayar ta auna haske daga nan. A jingina hannu da bango ko turmi, a yi amfani da kyamarar baya domin ta gaba ta fi ƙaramar sansa, a kuma matso da ƙafa maimakon jawo hoton da yatsu. Kada a haɗa hasken wutar itace da na farar tocila a fuska ɗaya, launin fata kan rikice.

Filashin waya ba ya kai wa nesa da ƴan taku, kuma lokacin hunturu yana haska ƙurar da ke yawo a iska, ta fito kamar fararen ƙwallaye. Ƙurar da maiƙon yatsa kan gilashin kyamara su ne ke sa fitilu yin jela a hoto. Gefen riga mai laushi ya isa gogewa.

Saura turawa. WhatsApp na matse hoto don rage cin data, wuraren duhu ne kuma suka fi lalacewa. Tun 2023 akwai zaɓin HD a saman allo kafin a tura, amma a inda layi ke da rauni sai an yi haƙuri kafin ya tafi.

Mai shirin sayen waya don hoton dare zai fi samun gaskiya idan ya shiga lungun shagon da ya fi duhu, ya ɗauki fuskar mai shagon da wayoyi biyu ko uku, ya faɗaɗa hotunan ya duba idanu da gashin gira.