Yadda Kwamfuta Ke Koya Wa Likitoci Allurar Kashe Zafin Hannu

Ba kowace tiyatar hannu ce ke buƙatar a sa majinyaci barci ba. Sau da yawa likita kan zuba magani da allura kusa da jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo zuwa ƙwaƙwalwa, sai hannun ya mutu na wasu sa'o'i, a gyara karaya ko a ɗinke rauni mutum yana farke. Wuyar aikin ita ce sanin ainihin inda allurar za ta tsaya.

Me ya sa wurin yake da haɗari?

Jijiyoyin hannu suna fitowa ne daga saiwoyi 5 a lakar wuya da saman baya. Suna haɗuwa su rabu kamar saƙar igiya, su bi ta ƙarƙashin ƙashin da ya taso daga ƙirji zuwa kafaɗa, su sauka ta hammata. Akwai wurare 4 da aka fi yin allurar: gefen wuya, saman wannan ƙashi, ƙasansa, da cikin hammata.

Kowane wuri da nasa tarkon. A saman ƙashin, kan huhu yana dab da jijiyoyin, kuskure kaɗan allura ta huda shi. A gefen wuya, maganin kan taɓa jijiyar da ke taimaka wa numfashi. Idan kuwa ya shiga magudanar jini, yana iya jawo jijjiga, har ma zuciya ta tsaya.

Inda kwamfuta ta shigo

A da, ɗalibi ya dogara ne da zanen littafi da kuma feɗe gawa. Amma zane a shimfiɗe yake, ita kuma gawa in an yanka, an yanka ke nan. Yau likitoci da yawa suna kallon na'urar sikanin yayin da suke tura allura, hoton da take nunawa kuwa baƙi da fari ne, tamkar an yanka jiki a gicciye. Wanda idonsa bai saba ba, dishi-dishi kawai zai gani.

A shekarar 1994, babban ɗakin karatun likitanci na Amurka ya fitar da hotunan Visible Human Project: an daskarar da gawar wani mutum, aka riƙa kankare ta milimita 1 bayan 1 ana ɗaukar hoto, har aka tara sama da 1,800. Irin waɗannan hotuna ne suka share fagen gina jikin mutum a cikin kwamfuta.

Yanzu a manhaja irin Complete Anatomy, ɗalibi zai iya juya kafaɗa ta kowace fuska, ya ɗaye fata da tsoka da yatsa har jijiyoyi su bayyana. Manhajar NYSORA Nerve Blocks kuma tana jera hoton sikanin da zanen da ke fayyace shi, mataki-mataki. Duka biyun suna aiki a wayar hannu.

Iyakar manhaja

Babbar ribar ita ce ɗalibi zai maimaita darasi har ya zauna masa, in ya ruɗe kuma ba wanda ya ji ciwo. Sai dai allo ba ya koyar da nauyin hannu, kuma shimfiɗar jijiyoyi kan bambanta daga mutum zuwa mutum. Shi ya sa bayan manhaja ake gwaji a kan jikin roba, sannan a kan majinyaci ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Sauke manhajar a waya bai mayar da kowa likita ba. Wannan allura aikin asibiti ce kawai.