Zuba Mai Cikin Fetur: Wane Inji Ke Bukata?

Manomi, kafin ka sayi maganin kwalba da ake cewa yana ƙara wa injin fetur santsi, fara duba irin injinka. Yawancin injinan ban ruwa na fadama suna da ma'ajin baƙin mai daban, kuma wannan man shi ke hana ƙarafan ciki cin juna. Zuba mai cikin fetur ɗinsu asara ce: hayaƙi zai yawaita, fulogi ya yi baƙi, injin ya riƙa gardamar tashi. Gara ka duba baƙin mai kowace safiya.

Amma akwai irin injin feshi na goyo da ba shi da wannan ma'aji. Dole a gauraya fetur ɗinsa da man 2T, mililita 20 ko 40 a kowace lita, gwargwadon umarnin kamfani. In an zuba fetur zalla, fistin zai ƙafe.