Kurmin da A Ke Sara Domin Ya Rayu

Manoma da dagatai, ga labarin wani kurmi a Ingila, cikin lardin Suffolk, ana ce da shi Bradfield. Tun shekara ta 1252 a ke saransa, har yau kuwa bai ƙare ba.

A ƙasar nan tasu, itatuwa su kan zubad da ganye da hunturu. Sanyi na wucewa, cikin watan Afril da Mayu, kafin sabon ganye ya rufe sama, sai rana ta sauka har ƙasa, furanni su ɓarko, fari da rawaya da shuɗi. Akwai tafarnuwar daji mai farin fure, wadda ƙanshinta ya kan cika wuri. Akwai kuma wani shuɗi mai siffar ƙararrawa, tushensa dunƙule ne a ƙasa, kamar albasar kwaɗi tamu da ke fitowa da ruwan fari. Wannan ya kan yi shekara 5 zuwa 7 daga iri kafin ya yi fure, in kuwa aka tattake ganyensa, sai ya daɗe bai farfaɗo ba. Saboda haka a ke roƙon masu zuwa kallo kada su bar turba. An ƙidaya irin tsiro fiye da 370 a kurmin nan.

To, ga yadda saran ya ke. An raba kurmin yanki yanki. Kowane hunturu a sare yanki guda daga gindi, a bar kututture, a bar kuma 'yan manyan itatuwa a tsaye. Kututturen nan ba ya mutuwa, sai ya yi toho da yawa, su zama sanduna. Ba a komowa yankin sai bayan shekara 20 ko fiye. A shekara ta biyu da ta uku bayan sara furanni su kan fi yawa, gama haske ya samu. In aka bar kurmi ba sara, duhu ya danne su. In aka tumɓuke kututture, an rasa duka. Abin da aka sare ya zama itacen wuta da sanduna da ƙota.

Kafin 1970 aka tumɓuke wani babban yanki aka mai da shi gona. Mutanen wurin suka tashi tsaye har aka saye sauran aka keɓe. Yanzu yana hannun wata ƙungiya mai tsaron namun daji da tsire-tsire ta lardin, mutane kuwa su kan zo su taya ta aiki ba lada, watau aikin gayya, sai dai ba mai gona da zai dafa musu tuwo.

Barin kututture ba baƙon abu ba ne gare mu. A ƙasar Maraɗi, daga 1983, Tony Rinaudo mutumin Ostareliya ya yi ta jan hankalin manoma su bar kututture a gona, su zaɓi toho kaɗan masu ƙarfi, su sassabe sauran. Itatuwa suka komo ba tare da an dasa ba.

Babban abin da ke ɓata toho a Ingila shi ne barewar ƙasarsu, kamar yadda awaki su ke yi mana. Kututturen da aka cinye tohonsa shekara bisa shekara ya kan mutu. Domin haka masu gayya su kan tara rassan da aka sare, su lulluɓe kututture da su, ko su yi shinge kewaye da yankin, har toho ya wuce bakin dabba.